Kwabon da Amamata Ta Goge

Zuberu mutumin zangon Kumasi ne, aikinsa wankin bas a wani gareji kusa da Old Kent Road. Ba ya shan taba, ba ya kallon ƙwallo. Abu ɗaya ne ya ɗauke masa hankali tun zuwansa Landan, wato tsofaffin kwabban jan ƙarfe, irin waɗanda aka daina ciniki da su tun ba a haifi kakansa ba. Malam Abdurrahman, wani Bakano mai aikin rediyo, shi ya sa masa wannan ciwo.

Shi ya nuna masa cewa kowane kwabo da hatimin ƙarfe ake buga shi. Wani hatimin yakan tsage, tsagar ta fito a jikin kwabo kamar silin gashi. Wani kuma a jefar da shi shekara da shekaru ya yi tsatsa, can wani ya tsinto shi ya sake bugu. To kwabon bugun baya yakan fito da 'yan ƙuraje, ba ka ganin su sai da gilashin ƙara girman abu. Na bugun fari fuskarsa sumul take a ƙarƙashin duhun da shekaru suka shafa masa, kuma duhun nan shi ne mutuncinsa.

Matarsa Amamata ba ta taɓa gane abin ba. In ta gan shi a bakin taga, gilashi a ido, sai ta ce, "Baban Hamdatu, kuɗin da ko gishiri ba ya saya? Da ni kake kallo haka, ai da na yi ƙiba."

"Ke ai na riga na san bugun fari ce," in ji shi. Sai ta jefe shi da tsumman goge tebur.

A bazarar 1988 ya tsinci wani kwabo a kasuwar Lewisham, cikin gwangwanin tsofaffin maɓallai. Na Saliyo ne, an rubuta 1791. Gefe ɗaya zaki, ɗaya gefen hannu biyu suna musabaha. Malam Abdurrahman ya daɗe yana juya shi a gaban taga.

"Mutumin Gwanja," ya ce wa Zuberu, don haka yake tsokanarsa, "ban ga ƙurji ko ɗaya ba. Ga kuma 'yar tsaga a gindin wutsiyar zaki, ban taɓa ganin irinta ba. Kar ka taɓa fuskarsa, ta gefe ake riƙewa. Ran Asabar mu kai wa masana su duba."

Zuberu ya ɗora shi a kan ɗan faranti a bakin taga. Bai ce wa Amamata komai ba, don ya san dariya za ta yi.

A makon nan Amamata na shirin tafiya Kumasi duba mahaifiyarta, an riga an sayi tikitin jirgi. Ita kuwa yadda aka raine ta, mace ba ta yin tafiya ta bar wa miji gida da dauɗa. Ta wanke labule, ta kankare tukwane. Da ta zo bakin taga ta ga abin nan baƙi ƙirin, sai ta tuna yadda uwarta ke goge tiren jan ƙarfe da lemun tsami da toka in salla ta gabato. A gidan hayar gwamnati a Landan ina za a samu toka? Sai ta yi da gishiri da soson ƙarfe. Ta zauna ta ba shi lokaci sosai.

Da ya dawo daga aiki ta tare shi da murmushi, ta miƙa masa a cikin hankici.

"Duba zakinka. Yau ya yi wanka."

Kwabon na ƙyalli kamar sabuwar tasa. Zuberu ya sa gilashi. Babu duhun, babu tsagar wutsiya, sai zane-zanen soso ta ko'ina. Ko bugun fari ne ko na baya, babu mai iya faɗa kuma har abada.

"Wa ya aike ki?"

"Ai na ga ya yi datti ne..."

"Hannun nan naki bai taɓa taɓa abu ya bar shi lafiya ba."

Bai taɓa yi mata magana irin wannan ba. Ta dubi hannun nata, lemun tsami duk ya cinye mata gefen farce. Ta karɓi kwabon ta naɗe a hankicin, ta sa a aljihun tebur, ta koma kicin.

Ranar tafiya ya raka ta filin jirgi, shi da 'yarsu Hamdatu. A bakin ƙofar da masu rakiya ke tsayawa ta juyo, kamar yadda kowa ke yi a gida in tafiya ta kama.

"Baban Hamdatu, mu yafi juna. Ka yafe mini."

Maganar tana bakinsa, wallahi tana bakinsa. Amma zuciya ta ce masa bari ta ɗan ji a jikinta, in ta dawo a yi dariyar abin.

"Ana kiran jirginku," ya ce. "Allah ya kiyaye hanya."

Ta ɗan tsaya tana jira. Sannan ta gyara mayafinta ta shige.

Uwar ta warke. Amamata ce zazzaɓi ya kayar. Wata safiya wanta Fatawu ya bugo waya, layin na ta ƙara, ya ce sai haƙuri, har an kai ta. Zuberu ya tambaya ko ta bar masa wata magana. Fatawu ya ce ba ta samu bakin magana ba.

Daga nan bai sake kusantar taga ba. Ya je aiki, ya dawo, ya dafa wa Hamdatu abin da ya iya. Sai da hunturu ya shigo Malam Abdurrahman ya zo gidan ya matsa masa.

"Ɗauko mini zakin nan in gani. Ko gogaggen ne ai a san inda yake."

Zuberu ya buɗe hankicin. Ƙyallin ya tafi, jan ƙarfen ya soma komawa duhu. Amma a gefen da hannu biyu ke musabaha, wani abu ya fito wanda da babu shi. Shatin babban yatsan Amamata ne, layi-layi, a fili, har da 'yar tsagar da wuƙa ta taɓa yi mata wajen yankan kuɓewa.

Malam Abdurrahman ya ce a hankali, "Haka sabon goge yake, yana kama gumin wanda ya taɓa shi na ƙarshe. In aka bar shi zai ci ƙarfen, ba ya fita kuma. In kana so yanzu a gwada cire shi..."

"A bar shi, Malam."

Malam ya dube shi, ya ɗauki hularsa, ya ce bari ya je ya dawo.

Zuberu ya ja kujera zuwa bakin taga. Ya riƙe kwabon ta gefe, yadda aka koya masa, ya sa gilashi a ido, amma hawaye suka hana shi gani. Ya goge, ya sake sawa.

"Na yafe, Amamata," ya ce. "Tun a filin jirgi na yafe. Ke fa?"

A ƙasa bas ya tsaya, ya kwashi mutane, ya wuce. Shi dai yana nan zaune yana jira.