Wuyan Akawal

Doki a Ibadan baƙo ne, kuma ba ya daɗewa. Kowa a Sabo ya san haka tun da aka yanka wa Hausawa unguwar suka tare. Da damina ta kankama ƙudan tsando zai fito daga kurmi ya ciji dabba, cutar sammore ta shige ta, ta rame tana tsaye har ta faɗi. Maharazu ya fi kowa sani, domin shi ke kula da dawakin Uwaisu, fatoman da ke saukar da 'yan goro a gidansa, shi ne kuma mai haƙa musu rami.

Uwaisu kuwa ba ya jin magana. Duk rani sai an sauko masa da sabon doki a jirgin ƙasa, don kawai a gan shi a kai ranar Juma'a. A bana wani akawal aka kawo, baƙi wuluk, mai kyan tafiya, sai dai ba ya juyawa hagu. Wani marar imani ya taɓa yaga masa gefen baki da linzami, tun daga nan in aka ja shi hagu sai ya sandare wuya kamar taɓarya, ya nufi inda ya ga dama. Ya taɓa kai Uwaisu cikin rumfar manja da rawaninsa da komai, matan Yarbawa suna ta yi masa "pele, pele", wato sannu, suna ƙunshe dariya.

Kunyar nan ce ta sa Uwaisu ya yarda ya rabu da dokin. Wani falke mai suna Zailani ya ce zai saya ya tafi da shi Zariya in ya gama ɗaure goronsa, amma sai ya ga yana lanƙwasa ta kowane ɓangare, shi ba ya sayen rabin doki. Maharazu ya ƙwallafa rai a kan maganar. Ya gaji da binne dawaki, wannan kuma ya shiga ransa, in ya kai Zariya ya tsira.

Maharazu ya cire linzamin ya rataye, ya koma ragama. Yakan tsaya daidai kafaɗar hagu da kanwa a tafin hannu, sai dokin ya karkato wuya zai lasa. Yana mulke masa wuyan da man kaɗe. In ya hau, sai su yi ta zaga bishiyar mangwaro da ke bayan gida, da'ira mai faɗi, yana danna ƙafar hagu wajen majayi, yana tsuke da'irar kaɗan kaɗan. Da ya ji alamar sassauci sai ya saki igiya. Amma akawal ɗin mai riƙo ne. Abin da ya bayar yau, gobe ya karɓe abinsa.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Maharazu ya sami Zailani ya roƙe shi ya tafi da dokin haka, a ƙarasa horon a can, falken ya yi dariya ya miƙa masa goro. Maharazu ya roƙi Uwaisu ya tura dokin ko Ilori ce kafin ruwa, Uwaisu ya ce tunda ga mai saye a ƙofar gida, wahalar ta me ce. Ruwa ya sauka. Maharazu ya yi ta turara hayaƙin korar tsando a turke har idanunsa suka koma jajir, yana yi yana sane da cewa hayaƙin bai ceci na bara ba.

Wata safiya Uwaisu na tsaye yana kallo, Maharazu ya ɗan taɓa ragamar hagu, sai wuyan ya biyo shi lumui, har hanci ya kusa taɓa likkafa. Uwaisu ya washe baki, ya ce a kira Zailani maza.

Maharazu ya sauko. Ya shafa wuyan ya ji zafi rau, ya leƙa ƙarƙashin ciki ya ga kumburi, idanun kuma suna ta zubar da ruwa. Ya san alamun nan sarai, sammore ce.

"Sannu da aiki, Maharazu," in ji Uwaisu. "Wallahi ka iya."

"Ba ni ba ne, maigida. Ƙarfin gardama ne ya ƙare masa."

Uwaisu bai ma ji ba, ya riga ya nufi zaure tarbar falke. Maharazu ya sake kama igiyar ya ja hagu a hankali, yana roƙon Allah a ransa dokin ya ƙi, ya sandare, ya ja shi cikin rumfar kowa ma. Akawal ya kawo kai ya ɗora masa a ƙirji.