Tauraro Ɗaya a Layin Tarakta

Ruwan shuka ya sauka ran Asabar. Ran Laraba da hantsi Baba Sanda ya iso Malumfashi daga Gozaki a bayan mashin, ya shigo ofishin ƙungiyar manoma, ya ajiye wayarsa a gaban shugaba, Alhaji Maitama.

"Sau uku na tura saƙo a sa ni layin tarakta, Alhaji. Ga shi nan. Maƙwabcina har ya shuka, ni gonata ko haro ba a yi ba."

Raudatu tana zaune a lungunta, bayan kwamfuta. Wata biyu ke nan da ɗaukarta aiki. Tsohon tsarin da ke karɓar saƙonnin manoma ya jera su layi, Malam Awaisu ne ya gina shi shekara shida da suka wuce. Ita kuma an ce ta ƙara sababbin shafuka masu taswirar gonaki, da wani tsari na zamani. Duka biyun suna zaune cikin ƙaramar saba guda, wato ɓangaren manhajar ƙungiyar da ke tarbar duk saƙon da ya shigo, wadda asali don gwaji aka yi ta, amma ƙungiya ta ga tana aiki ta bar ta a haka.

Alhaji ya juya ga Awaisu. "Mutum goma sha ɗaya ke nan da wannan kuka. Na yarinyar nan yana buɗewa garau, naka ya tsufa, Malam. Ran Juma'a zan faɗa wa kwamiti a cire shi. In an cire, ban ga abin da za ka zauna yi ba."

Awaisu ya sosa ƙeya. "Tun jiya nake dubawa. Saƙon ne ba ya iso mini sam."

Da Raudatu ta ji haka, sai ta tuna wani fayil da ta taɓa.

Ta jira suka fita sallar Azahar, ta buɗe fayil ɗin da ke raba wa kowane tsari adireshin da zai tarba. Na Awaisu yana kan `/`, wato duk baƙon da ba mai shi, shi ke ɗauka. A ƙasansa ga nata: `/*`. Ta tuna ran Juma'ar da ta gabata shafukanta suka ƙi fitowa, kunya ta hana ta tambaya, ta ƙara tauraron nan, komai ya buɗe, har ta yi murmushi ita kaɗai. Tauraron kuwa cewa yake komai nata ne. Bai bar baƙo ko ɗaya ba mai shi ba. Saƙonnin manoma duk wurinta suka zo, tsarinta bai san su ba, ya watsar.

Gyaran bai kai minti ɗaya ba. Ta mayar da nata `/sabo/*`, don ya tsaya kan shafukanta kawai, ta sake kunna sabar, ta tura saƙo daga wayarta. Sunanta ya faɗo cikin layi.

Ta zauna tana kallonsa. In ta yi shiru, za a ce tsohon abu ne, yau ya yi gobe ya ƙi. Ba wanda ke buɗe fayil ɗin nan. Ta ga kofin shayin Awaisu a gefe, da takardar da ya cika da lambobi yana neman laifin kansa. Shi ne ya ba ta kujerar da ba ta girgiɗi ranar da ta fara aiki.

Da suka dawo ta miƙe.

"Alhaji, ba na Malam Awaisu ba ne. Ni ce. Tauraro na sa."

"Wane tauraro kuma? Irin na loda kati?"

"Irinsa, Alhaji."

Ta nuna musu. Awaisu ya sunkuya ya daɗe yana kallon layin, sannan ya ja numfashi.

"Ƙanwata, ashe ƙofar gida kika tsaya kina kwashe mini baƙi."

Bai yi dariya ba, ita ma haka. Alhaji ya ce ba zai kai zancen Awaisu gaban kwamiti ba, amma nata zai kai, kuma ita za ta tsaya ta yi bayani da bakinta.

"Ni duk ban gane ba," in ji Baba Sanda. "Yaushe tarakta za ta zo?"

Awaisu ya jawo kujera kusa da ita. Sabar tana ajiye tarihin duk wanda ya ƙwanƙwasa, da lamba da lokaci. Suka bi shi layi-layi har La'asar, yana karantawa tana rubutawa. Mutum ashirin da uku ne, ba sha ɗaya ba. Baba Sanda ne na biyu. Da ba don tauraron ba, tun Lahadi an gama masa.

Ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta ba da haƙuri. Baba Sanda kuwa yana zaune a benci, sai ta je ta durƙusa.

"Gobe da safe, Baba. Ka yafe mini."

Ya leƙa sama ta taga, ba gajimare ko ɗaya.

"Na yafe, 'yata. Ki dai yi addu'a Allah ya sa ƙasar ba ta bushe ba."