Wanda Ya Gano Yashinmu

A bayan dutsen ƙauyenmu, can wajen Makera, akwai wani farin yashi a bakin ruwa. Ba a hango shi daga hanya, ba a hango shi daga gona. Sai an hau dutsen ta wata siririyar hanya, a gangara ɗaya gefen ana dafa duwatsu. Tun zamanin kakanninmu wurin na mata ne. Can muke wanki mu shanya, mu cire hijabi mu faɗa ruwa, mu yi shewa son ranmu. Ba wanda ya kafa doka, maza dai sun san ba a bi ta nan. Ni kam duk mako ranar wanki nake jira, don can kaɗai nake jin ni Turai ce, ba matar wani ko uwar wasu ba.

Sai ga Musaddiq, ƙanin maigidana, ya zo hutu daga jami'a. Mutumin da ko bokiti bai taɓa ɗauka ba, amma yana da takalmin hawan dutse, da jakar goyo, da wata sandar ƙarfe mai naɗewa. Duk abin da ya gani sai ya ɗauka a waya ya watsa wa duniya, har tuwon da ya ci.

"Anti Turai, an ce kuna da bakin teku a bayan dutsen ga. Ki kai ni mana."

"Wurin mata ne. Mi za ka yi can?"

"Haba Anti, ai wannan tsohon yayi ne."

Na ce a'a, amma ranar wanki sai ga shi biye da mu. Mu da baho a ka, silifas a ƙafa, wasu da goyo. Shi kuwa gwarzon namu ko rabi ba a kai ba ya zube kan dutse yana haki, yana gaya wa wayarsa cewa ransa na cikin haɗari. Gangarar ma da mazaunai ya yi ta, sandar tana binsa a baya.

Ranar ba wadda ta cire hijabi. Muka yi wanki shiru kamar a gidan makoki, shi kuma yana ta zagaye da waya a sama. Inna Zinariya, babbar cikinmu, ta kira shi.

"Ɗan nan, don Allah ka goge abin ga da ka ɗauka."

"Inna, ba ku na ɗauka ba. Yashi ne kawai da ruwa."

To ai yashin muke magana, sakarai. Kafin la'asar ya sa hoton a intanet, ya rubuta cewa ya gano wani ɓoyayyen wuri da ba wanda ya san da shi. Mu da muke shanya zannuwa a wurin tun kafin a haife shi, ashe ba mutane ba ne.

Da mako ya zagayo muka sake hawa da kayanmu. Tun daga kan dutse muka ji kiɗa. Da muka leƙa, samari ne ba riguna sun cika ruwanmu, wasu na gasa nama, robobin lemo warwatse a inda muke shimfiɗa jarirai. Muka juya da wankinmu busasshe, ko ruwa bai taɓa ba. Ban ɓoye ba, na yi hawaye a hanya, kuma na takaici ne.

Na tarar da maigida a tsakar gida, labari ya riga ni isowa. Ƙanin nasa na zaune gefensa yana latsa waya, amma maigida ko kallon banza bai yi masa ba. Ni ya duba.

"Daga yau ba ki sake hawa dutsen can. Za a riƙa kawo maki ruwa gida."

Musaddiq ya ɗago kai yana murmushi.

"Kin gani ko, Anti? Na hutar da ke wahalar hawan dutse."

Na tsaya da bahon a kaina ina kallon fuskarsa. Wallahi ba zolaya yake ba. Jira yake in yi masa godiya.