Amsar Liman a Takardar Likita

A bazarar da sanƙarau ya shiga ƙasar Kiru, Malam Ɗahiru, limamin wani ƙauye da ke kudu da garin, ya sallaci gawa talatin da ɗaya cikin wata biyu. Ta ashirin da shida 'yarsa ce, Saudatu, mai shekara tara. Da kansa ya sa ta a kabari, ya karkaɗe hannu, ya koma ya ja mutane azahar. Har yau tsofaffin ƙauyen suna ba da labarin haƙurinsa.

Abin da ba su sani ba shi ne, tun daga ranar salla ta daina shiga zuciyarsa. Bai yi shakkar Allah ba. Bai taɓa barin ko raka'a ɗaya ba. Amma in ya kabbara, sai ya ji bakinsa na karatu, shi kuwa yana can gefe yana saurare kamar baƙo. Ya ƙara nafila, ya yi azumin Litinin da Alhamis, ya sha rubutu, duk shiru.

Da damina ta sauka, ya je wurin dagaci ya ce yana so na'ibinsa ya karɓi limanci.

Dagaci ya riƙe baki. "Allah gafarta Malam, ai addu'arka ce ta kore mana annoba. Mu bar bayanka mu bi wa?"

Ya dawo gida da rawaninsa.

Shekara biyu bayan haka, a 1953, wata Laraba, Malam Jibrin malamin asibitin Kiru ya iso ƙauyen a kan keke, da jakar takardu a baya. Ya ce wani likita a Kano yana bincike a kan waɗanda annoba ta yi wa rashi: yadda suke barci, yadda suke tunanin mutuwa, da ko masu riƙon ibada sun fi saurin samun sauƙin zuciya. Shi aka aiko ya yi tambaya ya rubuta amsa.

Aka shimfiɗa tabarma a zauren liman, don da shi za a fara. Kafin a gama gaisuwa zaure ya cika, dagaci na gaba.

Jibrin ya tambayi shekarunsa da yawan iyalinsa, ya rubuta. Sannan ya ce, "Allah gafarta Malam, ga wata tambayar. In ka idar da salla, kana samun natsuwa? Amsa uku ce a nan: kullum, ko wani lokaci, ko ba ka samu."

Malam Ɗahiru ya dubi alƙalamin. Shekara biyu ke nan ba wanda ya tambaye shi haka. Ya yi niyyar faɗin gaskiya.

Dagaci ya yi dariya. "Haba Malam Jibrin, liman ake yi wa wannan tambaya? Rubuta kullum mana!"

Zaure ya ɗauka. Jibrin ya ɗaga kai yana jira. Liman ya ce, "Alhamdu lillahi." Alƙalami ya sauka a kan amsar farko, kullum.

Da Jibrin ya gama da sauran mutane, liman ya ce zai taka masa. Suka bi hanyar da ta ratsa gonakin dawa, Jibrin na tura keke. Sai da suka bar gidaje a baya, Malam Ɗahiru ya tsaya.

"Malam Jibrin, abin da ka rubuta ba gaskiya ba ne."

Ya faɗa masa duka, a tsaye, yana kallon ƙasa. Bai ɗauki lokaci ba, don maganar ba ta da yawa.

Jibrin ya gyara riƙon kekensa. Can ya ce, "Ni dai allura da ƙwaya na sani, ba ni da maganin wannan. Amma kai ne na huɗu da ya faɗa mini irin haka, kuma duk a rakiya. A ƙauyen nan ma akwai ɗaya."

"Wane ne?"

"Amana ce, Malam. Kamar taka."

"To, likitan ya san abin da ke kawo shi? Yana wucewa?"

"Shi ma nema yake. In kowa ya ce kullum, kullum ɗin zai gani." Ya buɗe jaka. "In gyara? Ba a sa suna. Sana'a kawai da gari."

Malam Ɗahiru ya yi tunanin takardar tana wucewa hannun akawu a Kiru, sannan a Kano. Liman ɗaya ne a ƙauyen.

"Bar shi yadda yake," in ji shi.

Jibrin ya rufe jaka, ya hau keke. Liman ya tsaya har dawa ta ɓoye shi, sannan ya ji ladan ya kira la'asar.

A masallaci, da ya juyo don daidaita sahu, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya yi kama da shi. Duk fuskokin da ya sani ne, masu jiran kabbara. Ya juya ya ja salla, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Bayan an watse, Inuwa maƙeri, wanda ya binne 'ya'ya maza biyu a annobar, ya matso ya durƙusa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, ka sa ni a addu'a. Allah ya ba ni zuciya irin taka."

Malam Ɗahiru ya dube shi. Inuwa ya riga ya ɗaga tafukansa. Liman ma ya ɗaga nasa, ya roƙa masa natsuwa, Inuwa na cewa amin.