Tsakanin Waƙafi Biyu

Magdalene, ma'aikaciyar ofishin lafiya, ta warware doguwar takardar da jirgin ƙasa na safe ya kawo Kafanchan daga Zariya, ta bi ta da yatsa har ta iso kan sunan ƙauyensu, Ungwan Kambai. A gurbin yaran da suka mutu, kwamfuta ta buga sifili.

Ita da kanta ta shafe wata biyu na daminar 1978 tana taka ƙauyukan bayan dutsen Kagoro tana yi wa iyaye mata tambayoyi, don hukuma ɗakin haihuwa ɗaya tak za ta gina, kuma inda yara suka fi mutuwa can za a kai shi. Kowace mace layi ɗaya gare ta a takarda: lambar ƙauye, shekarunta, 'ya'yanta masu rai, waɗanda suka mutu, sai nisanta da asibiti, ana raba kowace lamba da 'yar'uwarta da waƙafi. A Zariya ake huda wa kowane layi kati, a loda wa kwamfuta ta haɗa lissafi.

Oga Gilbert, shugaban ofishin lafiya, mutum ne da ko fensiransa bisa tsawo yake jera su. Ya ɗauko ainihin takardun da ta cike, ya gyara tabarau, ya nuna mata aikinta. Layi bayan layi, waƙafi biyu ne manne da juna, babu komai a tsakani. Ya ce haka aka tsara wa injin: in ya tarar da gurbi fayau, sifili yake ɗauka ya wuce.

"Na gaya maki, in ba ki samu ansa ba, ki sa nainti-nain," in ji shi. "Yanzu ga shi, ƙauyenku ya fi Legas lafiya."

Ta yaya Magdalene za ta bayyana wa mutumin da ya yi karatu a Ibadan cewa hannunta ne ya ƙi? A sauran ƙauyuka ta daure ta tambaya, ita baƙuwa ce a can. Amma a garinsu ba a ƙirga yaran da ke ƙasa, kowa ya sani. Matan da suka goya ta ne, da ta zo kan wannan tambaya sai su kau da kai su shiga zancen citta. Tasa'in da tara kuwa, a gurbin matattun 'ya'yan mace, ji ta yi kamar baki za ta yi musu. Sai ta bar wurin haka nan, a zatonta na Zariya za su gane.

Gilbert ya ce kwamiti zai zauna ran Juma'a a Kaduna. In gyararrun takardu ba su shiga jirgin Laraba ba, ɗakin haihuwa ya tafi wani wuri ke nan, kuma shi ba zai yarda da lambar da aka ƙaga a kan tebur ba. Ran nan Litinin ce.

Washegari ta hau bayan motar citta, inda hanya ta ƙare ta ci gaba da ƙafa. Nan ne tudun da ake saukowa da mai naƙuda a kan ƙyauren ƙofa, maza huɗu na ɗauke da ita. Magdalene ta san nauyin tafiyar nan a jikinta, shi ya sa ta wuce da sauri ba ta waiga ba. Tsoro take ji ƙwarai, ba na Gilbert ba, na matan da za ta fuskanta.

Ta iske su a coci, ranar zumuntar mata ce. Bayan addu'a ta miƙe ta faɗi abin da ya faru, ba ta ɓoye laifinta ba. Ta ce inji ya rubuta cewa ba wadda ta taɓa binne yaro a garin nan. Wata ta yi 'yar dariya marar daɗi. Kowa ta duƙar da kai tana gyara bakin zane. Magdalene na tsaye har ta fara tunanin hanyar komawa.

Can sai Mama Paulina, tsohuwar ungozomar garin, ta dafa sandarta ta tashi.

"'Yata, mu ba mu ƙirga su. Ba awaki ba ne," ta ce. "Amma kowane yana da suna. Zan kira nawa a gaban Ubangiji. Ke ki yi abin da inji naki yana so."

Ta rufe ido ta kira su a hankali, Magdalene na lanƙwasa yatsu a ƙarƙashin takarda. Biyar. Wata mai suna Martina ta tashi bayanta, sannan wata, sannan wata. Akwai waɗanda ba su kai ranar suna ba, sai uwar ta ce na lokacin shukar acca, ko na shekarar ƙyanda. Kafin rana ta karkata, gurabe arba'in da shida sun cika.

Ta fara tattara takardu, sai Mama Paulina ta riƙe mata hannu. Tsohuwar ba ta iya karatu ba, amma ta ga layin ƙarshe har yanzu akwai rami a cikinsa.

"Wannan na waye?"

Magdalene ta daɗe tana kallon layin. Shekara talatin da ɗaya, mai rai ɗaya. Layinta ne, ita ta rubuta shi da daminar nan, ba wanda ta tambaya.

"Luke," ta ce. "Da Eli."

Matan suka amsa da amin. Ta sa fensir tsakanin waƙafin biyu, ta rubuta biyu.