Butar da Ikram Ta Cika

Su uku ne a gidan, can cikin wani lungu na unguwar Madabo: Malam Hashim mai rubuta mushafi da hannu, da mahaifiyarsa Ya Kaka, mutuniyar Borno, da 'yarsa Ikram mai shekara takwas. Abinci akwai, sutura akwai. Sa'ida, uwar Ikram, ita ce babu. Wata biyu ke nan da kai ta maƙabartar Ɗan Agundi, kuma tun ranar ba a sake jin muryar Malam yana karatu ba. Tawadarsa ta bushe a kurtu. Yakan zauna a zaure ya zuba wa bango ido har azahar.

Wata safiya Ya Kaka na biya wa Ikram karatu, suka zo ayar da ke maganar matacciyar ƙasa wadda ake saukar wa ruwa ta rayu. Ikram ta ajiye allonta. Ta taɓa jin cewa in an gama binne mutum, akan yayyafa wa kabarin ruwa.

Ta cika buta taf, ta rungumo ta zuwa zaure, ruwa na jiƙa mata riga.

"Baba, ka kai wa Umma. Ni ba za a bar ni in shiga ba."

"Na mene ne?"

"Wanda kuka zuba bai isa ba. Ka juye duka."

Malam ya dube ta. Ya Kaka, da ta biyo bayanta, ta dafa ƙofa.

"Ke 'yar nan, tashin matattu sai ranarsa, kuma ba da buta ba," in ji ta a hankali. "Amma ƙirjin mutum ma ƙasa ne. Yakan bushe har ya tsage. Karatu ne ruwansa." Ɗanta take kallo.

"Inna, ko na buɗe baki ba ya fita," in ji Malam.

"Wa ya ce kai za ka yi? Zauna kurum. Ikram, ɗauko allonki."

Ikram ta soma, tana tuntuɓe. Kuskuren farko ya wuce, Malam bai motsa ba. Na biyu ma haka. A na uku ya gyara mata, da wata dusasshiyar murya. Ta maimaita, ya bi ta, suka kai ƙarshen ayar tare. Hawaye na sauka cikin gemunsa, amma ya ce, "Ci gaba."

Ranar Ikram ta gane Umma ba za ta dawo ba, komai yawan ruwan da aka zuba. Ta kuma gane Baba zai iya dawowa, in ana yi masa karatu kullum.