Barka da Ranar Haihuwa, Maman Ssempijja

Tun da bidiyon ya fita Kemigisha ta daina zuwa aji. Ba wani abu ba ne a cikinsa, rawa ce ta taka da Opolot, ɗan ajinsu, a bikin al'adu na jami'arsu a Kampala. Wani shafi mai suna Idon Makaranta, wanda ba a san mai shi ba, ya yanko daidai inda take karkaɗa ƙugu, ya liƙa lambar wayarta a ƙasa.

Opolot kam kakarsa ta yanke saƙa. Samari suna ce masa zaki, ana ta saya masa gurasar capati da ƙwai. Ita kuwa maza suka yi mata caa da saƙonnin batsa, har gwaggonta ta kira daga Mbarara tana tambaya ko karatun ke nan.

Ranar Asabar da hantsi tana kwance, sai Nabukenya, abokiyar ɗakinta, ta faɗo da kumfar wanki a hannu, dariya ta hana ta magana. Waya kawai ta miƙa mata.

Idon Makaranta ne ya sa hoton wata dattijuwa cikin kwalliya, an rubuta: "Barka da ranar haihuwa Mamata, daga ɗanki Ssempijja."

"Wane Ssempijja?" in ji Kemigisha.

"Na mawaƙan coci mana, ƙawata. Mai gaishe ki da sunkuyar da kai. Ya manta bai koma shafinsa na gaskiya ba."

Kemigisha ta yi dariya har ta gangaro daga gado. Kafin ka ce me, ginin 'yan mata ya ɗauka, ana guje-guje a bene ba takalmi, ana buga bokitai. Ashe kusan kowane ɗaki akwai wadda shafin ya taɓa yi wa tonon silili.

Wasu suka ce a zazzage masa zagi. Kemigisha ta ce tsohuwar ba ta yi musu komai ba, a gaishe ta kawai. Nan suka yi ta rubutu cikin ladabi, kowacce da sunanta, suna yi wa Mama fatan tsawon rai, suna cewa ɗanta ya san su sosai. Mama, baiwar Allah, ta shigo tana godiya ɗaya bayan ɗaya, har ta tambayi wacece surukarta a ciki.

Kafin azahar shafin ya ɓace, amma sun riga sun ɗauki hotonsa. Ran Litinin suka ɗunguma ofishin kula da ɗalibai, aka dakatar da Ssempijja zango guda.

Bidiyon dai yana nan a wayoyin mutane, sai da Kemigisha ta canza lamba. Ranar da ta koma aji wani ya yi mata fito daga baya. Nabukenya ta juya ta tambaye shi yaushe ne ranar haihuwar mamarsa. Su biyun suka ƙunshe dariya har malami ya shigo.